Na Taka Birki a Keken Vidak

Ku matso kusa, 'yan uwa. Yau da ƙafa ɗaya a miƙe kan kujera nake rubuta muku, gwiwata naɗe da bandeji, haɓata da filasta, kuma tun yanzu ina gargaɗi: wadda ta san dariya za ta yi min, ta yi abarta a ciki. Na sha isasshiya a gidanmu.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Isidora, shekarata ashirin da bakwai, ni ce mai tsaron shagon magungunan dabbobi a ƙauyenmu da ke kudancin Banat. Ni kaɗai na rage wa iyayena a gida, yayana ya tafi Jamus aiki tuntuni, sai dai mu gan shi a waya. Sai kuma Vidak, wanda saboda shi na fara wannan dogon surutu. Ɗan duwatsun yamma ne, daga can bakin kogin Drina, aka ɗauko shi ya zo ya tsara hanyoyin masu yawon keke a yankinmu. Ranar da ya fara shigowa shagona keke yake turawa, ƙayar tsaidau ta yi wa tayoyin kaca-kaca, wai ko ina sayar da kayan faci.

"Nan maganin tumaki muke sayarwa, malam," na ce masa.

"To duba min ko akwai na jaki," ya ce, "don jaki ne kawai zai ga hanya ya bari ya bi ta cikin ƙaya."

Tun daga ranar na rasa kaina. Kusan kullum in na rufe shago sai mu ɗauki hanya, shi a kan kekensa mai ƙaton taya, ni a kan koren kekena mai kwando a gaba. Mun bi kan jingar babbar magudanar ruwa har inda ƙauyenmu ya ɓace mana. Mun ratsa dajin da ke kan yashi lokacin da itatuwa suka yi fure. Mun je tafkunan Bela Tsirkva mun sha askirim ƙafafunmu a ruwa. Shi yana kafa 'yan turakunsa masu jan fenti, ni ina faɗa masa gonar wane ce wannan, karen wane ne yake cizo, na wane ne baki kawai. Duk wannan a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muke yi, don mu nan ko ƙwai ka ajiye a titi ba zai gangara ba.

To, ranar Alhamis na dawo gida na tarar da Mama tsaye a kan kujera tana sauko da farantan nan masu bakin zinariya daga saman kabad. A gidanmu ba a taɓa su sai ranar bikin shekara-shekara na waliyyin gidanmu, ko in an yi rasuwa.

"Mama, wa ya mutu?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Karɓi nan, da hannu biyu. Ranar Lahadi iyayen Stevitsa za su zo cin abincin rana."

"Su zo mana, ai maƙwabta ne."

"Da Stevitsan za su zo. Da kwat."

Kun dai gane. A ƙauyenmu in iyayen saurayi suka sha romon Lahadi a gidanku cikin farantan zinariya, shi kuma yana gefe yana zufa a cikin kwat, to kafin a kawo kofi tsofaffin da ke zaune kan benci a bakin titi sun gama tsayar da ranar biki. Ba wanda zai ɗaure ki ya kai ki coci, wannan kam a'a. Amma in kika ce ba kya so bayan an sha romon, gidaje biyu kika ɓata, ga shi gonarmu da tasu iyaka ɗaya.

Kuma don Allah kar a zagi Stevitsa. Ba shi da laifin komai. Tare muka yi firamare, mutumin kirki ne, yana da sabuwar tarakta, yana gaida tsofaffi. Sai dai in kika zauna da shi tun daga la'asar har rana ta faɗi, abin da zai ce miki shi ne bana masara za ta yi kyau, sannan can an jima ya ƙara da cewa in an samu ruwa.

"Mama, ni fa kin san akwai wanda nake…"

"Mai matsattsen wando?" Muryar Baba ce daga bakin ƙofa, ya dawo daga kiwo yana cire takalmi. Radovan ke nan, mahaifina, mutumin da bai taɓa ɗaga murya a gida ba, amma in ya ƙi abu ya ƙi shi. "An ce min ƙato ne da gemunsa, wai sana'arsa hawa keke. Irinsu ne suke watsa min tumaki suna wucewa ko sannu babu."

"Baba, ba ka ko gan shi ba."

"Ba sai na gan shi ba. Ɗan dutse ba ya zama a fili. Shekara guda zai yi wuyansa ya ƙage saboda rashin abin ɗaga kai a kalla, ya tattara ki ya tafi. Jamus ta ɗauki ɗaya. Ba zan zauna dutse ya ɗauki ɗayar ba."

Ya wuce wanka abinsa. Kaka Persa, mahaifiyarsa, tana zaune a gefen murhu tana ɓarar wake, ta ɗago ta kashe min ido.

"Ke 'yar nan, kawo min ɗan dutsen in gani. In ya yi min, na ƙwace, ke ki tafi da mai masara."

"Kaka, ba zai iya da ke ba."

"Wannan kuma gaskiya ne," ta ce.

Na yi dariya, amma raina a jagule yake. Ina son Vidak, son da ban taɓa yi wa wani ba, kuma ina son tsohon nan mai warin tumaki fiye da yadda zan iya faɗa. Na ƙudura a raina ranar Asabar da yamma zan zaunar da Baba in roƙe shi ya fasa taron Lahadi, ya ba Vidak dama ko ta shan kofi ce. Washegari ina shago saƙon Vidak ya shigo wayata.

"Gobe Asabar kina da aiki?"

Na rubuta: "Ina da aikin kuka."

"Ki ɗaga shi zuwa yamma. Na gama sabuwar hanya a tuddan Zagayitsa, ta 'yan koyo ce. Ina neman wanda bai taɓa hawa tudu ba ya gwada min."

"Ni ce 'yar koyon?"

"Ke ce 'yar fili."

"Ana shirin aurar da ni kana maganar tudu."

"Na ce miki in zo in ga Baba yau ɗin nan, kin hana."

"Ka bari in share maka hanya tukuna. In ka zo yanzu kare zai sakar maka."

"To mu hau tudu, ki ƙara ƙarfin zuciya. Zan kawo miki keke."

Asabar da safe na yi shiri. Akwai wani baƙin wando mai kama jiki da na saya a ɓoye ta waya, na saka shi, na ɗora dogon siket ɗina mai furanni a kai, na sa farar riga mai gajeren hannu, na ɗaure gashina. Na ce wa Mama zan je shan iska. Ta bi ni da kallo tana fige kaza, ta ce in dawo da wuri akwai gugar labule. A bayan gari, wajen tsohon injin niƙa, Vidak yana jirana da motarsa, kekuna biyu a ɗaure a baya. Na jingine koren kekena a jikin katanga, na tuɓe siket na cusa a jaka. Ya kalle ni, ya kalli sama, kunnuwansa suka yi ja.

"Me?" na ce.

"Ba komai. Ga hular kwano."

Da mota muka je har gindin tuddan. Mu 'yan ƙauyen muna hango su kullum, koraye, a jere kamar an kife ƙorai, amma ban taɓa jin wanda ya ce zai hau su don nishaɗi ba. Wurin kiwo ne. Keken da ya kawo min shuɗi ne, mara nauyi, da hannu ɗaya na ɗaga shi. Muka fara hawa. Jama'a, ashe haka mutanen dutse suke shan wahala? Tun ban yi nisa ba numfashina ya fara fita da ƙara, cinyoyina suna zafi, kurege yana tsaye a bakin raminsa yana kallona. Vidak kuwa yana gefena yana hira kamar a falo yake zaune.

"Sauka ki tura, ba abin kunya ba ne."

"In ka ga na sauka, faɗuwa na yi."

Da ƙyar da jiɓin goshi na kai sama. Na tsaya ina haki, na waiwaya. Ga ƙauyenmu can ƙasa, hasumiyar coci kamar allura, gonakin alkama da na furen rana sun tafi har inda ido ya gaza, iska tana kwantar da ciyawa tana tayarwa. Shekara ashirin da bakwai ina cikin wurin nan ban taɓa ganinsa daga sama ba. Hawaye ya cika min ido, na ce iska ce.

"Yanzu saura gangara," in ji Vidak. "Saurara da kyau. Na hannun dama na tayar baya ne, na hagu na gaba. Ki riƙa matsawa a hankali, kar ki…"

"Malam, dakata. Tun ina shekara huɗu nake kan keke. Na taɓa ɗauko buhun dusa a baya, ɗan rago a kwando, lema a hannu, ana tsuga ruwa. Kai ne za ka koya min birki?"

"Isidora, wannan ba irin naku ba ne."

"Na gani, na gani. Dama da hagu. Ka biyo ni in za ka iya."

A nan sai na tsaya na yi muku bayani, don kar ku ce hauka ne. Kekunan ƙauyenmu, daga na Kaka da take zuwa maƙabarta ban ruwan furanni har na limamin coci, duk birkinsu a ƙafa yake. In kana son tsayawa sai ka mayar da feda baya, keke ya tsaya cak. Hannu na riƙon kai ne, da ɗaga wa mutane, da riƙe burodi. Na ga ƙarafan birkin nan biyu a kan keken Vidak, kaina ya ji bayanin sarai. Ƙafata ce ba ta halarci darasin ba.

Na saki keke. Da farko daɗi, iska tana kaɗa min fuska, har da 'yar guɗata. Sai gangaren ya ƙara zurfi, keken ya fara gudun da ban aike shi ba. Na ce to ya isa, na mayar da feda baya.

Fedar ta juya fyuuu, babu abin da ya riƙe ta.

Na sake takawa baya. Ta sake juyawa. Na shiga juya ta baya da duk ƙarfina kamar mai ɗinki da keken ƙafa, keke kuwa sai ƙara wuta yake. Ina jin Vidak a baya yana ihu, "Hannu! Hannu! Matsa da hannu!" Ni kuwa na matsa da hannun, na ƙanƙame kan keken kamar zan karya shi, yatsuna ko kusa da ƙarafan ba su je ba. Na wuce turakunsa masu jan fenti, na bar hanyar 'yan koyo gaba ɗaya, na nufi kwari kai tsaye.

A cikin kwarin nan kuwa tumaki ne fari fat. A ƙarƙashin wata bishiya ga wani tsoho zaune da baƙar hula, ya buɗe ƙunshin burodi da cuku, baƙin kare a gefensa. Na san hular. Na san karen, Garo ne. Ni duk a zatona Baba yana can bakin magudanar ruwa, ashe ciyawar can ta ƙare ya koro su nan.

"Baba, kauce! Baba!"

Na ratsa tsakiyar garken. Tumaki suka watse ko'ina, Garo ya biyo ni da haushi, ƙafafuna har lokacin suna ta juyawa baya. Allah ya taimake ni a ƙarshen kwarin akwai yashi mai laushi. Tayar gaba ta nutse, keken ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na tashi sama na dira cikin wani kurmin ƙaya, ƙafafu a sama.

Na ɗan jima a kwance ina duba ko da sauran raina. Fuska ta farko da ta leƙo ta Garo ce, ya lashe min hanci. Ta biyu ta Baba, ba hula, yana haki kamar zai shiɗe, fuskarsa fara fat. Ya durƙusa yana taɓa hannuwana, wuyana, ƙafafuna.

"Motsa wannan. Motsa wancan. Kalle ni. Waye ni?"

"Baba ne."

"To da sauƙi." Ya zauna daɓas a ƙasa. Sai a lokacin idonsa ya sauka kan wandon. "Ina siket ɗinki?"

Kafin in ƙirƙiro amsa Vidak ya iso, ya yi jifa da kekensa, ya faɗo cikin ƙayar da gwiwoyinsa. Ya ciro ni, ya buɗe wata 'yar jaka ya fara wanke min gwiwa. Bai ma lura da Baba ba sai da ya ji an ce:

"Kai ne mai keken?"

Vidak ya miƙe tsaye, ya cire hular kwano. "Ni ne, Baba. Sunana Vidak. Ina kwana."

"Riƙe gaisuwarka." Baba ya tashi yana ɗingishi ya je ya ɗaga shuɗin keken daga yashi. Ya sa hannu ya juya feda baya. Ta yi fyuuu. Ya sake juyawa, ya saurara, ya juyo a hankali. "Ka ɗauki 'yar mutane, ka kai ta ƙololuwar tudu, ka ɗora ta a keken da ba shi da birki."

"Akwai birki, Baba. Ga shi nan a hannu."

"A hannu." Baba ya matsa ƙarfen, tayar ta kama. Ya saki, ya sake matsawa. "Wane mara aikin yi ne ya kai birki hannu? In kana riƙe da kankana fa?"

"Laifina ne," in ji Vidak. "Ya kamata in sa ta gwada a fili kafin mu hau. Ban yi ba."

Ina zaune a ƙasa, jini na bin ƙaurina, ƙaya cike da gashina, na ji wani abu ya taso min. Jawabin da na kwana biyu ina shiryawa don yamma, mai farawa da "Baba, ka san ina girmama ka", duk ya bi iska.

"Ƙarya yake yi, Baba! Ya yi min bayani, ni na ce ya rufe min baki don na fi shi iya keke. Halina ne, ka san shi, a wurinka na gado. Kuma shi nake so. Ba na son Stevitsa, ba na son masararsa, ko an sha romo ko ba a sha ba. Shi nake so."

Daga nesa ana jin kukan tumaki. Baba bai kalle ni ba. Ya ɗaga kai yana duban tuddai, inda dabbobinsa suka bazu, wasu a wannan gangare, wasu sun haye wancan, wasu sun nufi gonar alkamar mutane.

"Da wannan gwiwar tawa," ya ce, "sai dare ban gama tara su ba."

Vidak ya mayar da hularsa ya haye keke. Wayyo, da kun ga abin! Da farko shirme ya yi ta yi, ya tunkare su ta gaba suka ƙara watsewa, Garo ya bar tumakin ya koma bin sa da haushi. Baba ya sa hannu a baki ya ƙwala masa kira:

"Ta baya, kai ɗan dutse! Zagaya ta baya! Tunkiya ce, ba budurwa ba, ba a tarar ta gaba da gaba!"

Ya zagaya. Ya hau wancan tudu a tsaye kan feda, ya gangaro a karkace ƙura na tashi, ya tare waɗanda suka nufi alkama, Garo ya gane abokin aiki ne ya kama ɗaya gefen. Baba yana tsaye ya dogara da sanda, yana ba da umarni, yana zagi, can kuma na ji ya ce a hankali, "Kai, ɗan banza ya iya hawa." Da ya ga na ji, sai ya tsuke fuska. Da tumakin suka taru Baba ya bi su da ido ya ce saura gurguwar nan mai baƙin kunne. Vidak ya sake komawa. Ya daɗe, sai ga shi yana saukowa a ƙasa, keke a hannu ɗaya, tunkiya saɓe a wuya, ta yi masa abin da ta yi masa a riga.

Baba ya tsinka burodinsa ya miƙa masa rabi da cuku. Muka zauna mu uku a inuwa. Zuciyata har rawa take, na ce shi ke nan, an gama. Sai Baba ya goge wuƙarsa a wando ya ce:

"Tambaya ɗaya gare ni, samari. In na ba ka ita, a ina za ta zauna?"

Na juya ina murmushi, ina jiran ya ce a nan mana. Vidak ya sunkuyar da kai yana juya burodin a hannunsa.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Aikina a nan zai ƙare kafin sanyi. Mahaifiyata tana can ita kaɗai, mahaifina ya rasu, ni ke nan gare ta. Ban san amsar ba tukuna."

Murmushin ya bushe a fuskata. Wata da watanni muna yawo, mun yi hirar komai, har sunan karen da za mu ajiye mun zaɓa, amma ban taɓa tambayarsa wannan ba. Ina jin tsoron amsar ne, shi ya sa.

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Da ka ce min a nan, da na san maƙaryaci ne kai," ya ce. "Gobe in an fito daga coci ka zo cin abinci. Ka zo da amsa. Ka kuma zo da wando na mutane."

Vidak ya so ya kai ni gida a mota, Baba ya ce 'yarsa ta gama hawa abin hawan ɗan dutse na yau. Na zura siket ɗina, muka biyo bayan tumaki a ƙasa, shi yana ɗingishi da hagu, ni da dama. Muka yi ta tafiya har muka yi nisa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Da kika wuce ni kina kiran Baba, na bi ki da gudu. Na jefar da sanda na bi ki. Ina gani kina ƙara nisa, ba abin da zan iya." Ya share hanci da bayan hannu. "Haka na ji ranar da muka raka yayanki tasha."

Na riƙe hannun rigarsa kamar yadda nake yi ina ƙarama, na yi kukana har muka shiga gari. Shi kuwa sai faɗa yake wa Garo a kan laifin da bai yi ba.

A gida Mama ta ga gwiwata ta ɗora hannu a ka. Kafin ta fara, Baba ya rataye hularsa ya ce, "Ƙara faranti ɗaya gobe."

"Na wa?"

"Na wani mai tara tumaki."

"Radovan, ka san su wa za su zo gobe kuwa? A teburi ɗaya za ka haɗa su?"

"Teburin babba ne."

Kaka Persa ta sa aka ba ta labarin tun daga farko, ta sa aka maimaita mata wurin juya feda, ta yi dariya har sai da haƙoranta na roba suka zame. Yanzu duk wanda ya wuce ta taga sai ta kira shi ta kwaikwaya masa da ƙafa. Ta kuma aike ni in ciro mata rigarta mai ruwan goro, wai gobe za a ga wanda ɗan dutse zai zaɓa tsakanina da ita.

Ina cikin ciro rigar wayata ta yi ƙara. Vidak ne.

"Yaya gwiwar?"

"Tana gaishe ka. Ka samo wandon?"

"Na aro na mai gidan da nake haya, ya tsaya min a ƙauri. Isidora, na kira mahaifiyata na faɗa mata komai. Ta ce ba zan ba kowa amsa ba sai ta ga yarinyar da idonta. Ta riga ta hau mota, da safe za ta iso. Ki ce wa Mama faranti biyu."

Na zauna a bakin gadon Kaka. Kafin in farfaɗo wani saƙon ya biyo baya.

"Amma ba amsata ce ta farko ba, taki ce. In na ce dutse, za ki bi ni?"

Na rubuta "eh", na goge. Na rubuta "ba zan iya ba", na goge wannan ma. Ta taga ina hango Baba a tsakar gida, ya kife guga ya zauna a kai, ya ɗora ƙafar gurguwar tunkiyar nan a cinyarsa yana duba mata kofato, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Bai taɓa iya zama ba tare da wani abu mai rai a kusa da shi ba.

Har yanzu da nake rubuta muku wannan saƙon yana nan a buɗe, ban ba shi amsa ba. Ga Mama can tana ƙwala min kira in zo in goge farantai, kuma ban ma faɗa mata biyu za ta ƙara ba.